Surukina Ya Fifita Kwaɗi a Kaina

Malam, ka taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zuciya ke raya mini, don wallahi an kai ni bango.

Ni mai kiwon kaji ne. A bayan gidana akwai wani kududdufi, tun muna yara ba abin da ke cikinsa sai kwaɗi da sauro da tsofaffin tayoyi. Shekarun baya na sa aka riƙa juye ɓaraguzan gini a bakinsa har na cike gefe guda, na kafa ɗakunan kaji a kai. Ba wanda ya ce mini kanzil. Da kajin nan na aurar da 'ya'yana, har da babbar, wadda mijinta ne ya sa na ɗauki biro yau.

Yaron nan ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, a sashen tsara gari. In ya zo gaishe ni har ƙasa yake durƙusawa, bai taɓa haɗa ido da ni ba. Ina ta yabon ladabinsa, ashe kan da yake sunkuyarwa filina yake aunawa.

Kwanan baya hukuma ta fito da wani tsari, wai na kare hanyoyin ruwa. Kududdufin ma an yi masa ƙarin girma, yanzu wai dausayi ne, wai tsuntsaye na sauka, wai shi ke shanye ruwan unguwa. Rannan na dawo daga sayo dusa sai na tarar da jan fenti a bangon kajina, ƙatuwar alamar rushewa, yara sun taru suna kallo. Maƙwabta suka ce ma'aikata ne suka zo, kuma surukina ne ke riƙe da taswira. Bai faɗa mini zai zo ba, bai aiko kowa ba. Da yamma kuma sai ga 'yata da kankana, wai in ji shi!

Na mayar masa da kankanarsa, na ce kada ya sake taka mini ƙofa. Uwar yaran tana ta kuka, wai aikinsa ne. Aikin me? Mutumin da ko gidan kirki ya kasa kama wa iyalinsa, ya ajiye su a layin da ke gangare da mu, inda duk damina ruwa ke shiga har ɗaki. Da can layin ba ya haka, amma ai mai hankali yana hangen gaba. Bara sai da 'yata ta kwaso jikokina ta zo nan, katifa a jiƙe, ƙaramin yana ta tari. Ni na riƙe su. Ladana ke nan, jan fenti.

Abin da na yanke shi ne in kira 'yata gida, ba za ta koma ba sai ya goge alamar nan da hannunsa. In ya ƙi, ya je ya ƙarasa rayuwarsa da kwaɗin da ya zaɓa. Ka gaya mini, ko akwai hanyar da ta fi wannan zafi?

Uban da aka ci wa fuska

Baba mai kaji,

Ka ce shawara kake nema, amma na lura wuƙa ka miƙo mini in wasa maka. Ba ni da dutsen wasawa, sai dai ga abin da na gani.

Kana da gaskiya a wuri biyu. Hukumar da ta zuba ido kana juye ɓaraguzai shekara da shekaru, sannan ta farka da gwangwanin fenti a hannu, ba ta da bakin yi maka wa'azi. Surukinka kuma ya yi wauta. Kamata ya yi ya zo da kansa tun kafin ranar, ko ya turo babba, ko ya roƙi shugabansa a tura wani. Kunyar da ta hana shi buɗe baki ba ta hana shi buɗe taswira ba, kuma ban taɓa jin kankanar da ta isar da irin wannan saƙo ba.

To amma alamar ba a bangonka kaɗai take ba, tana cikin tsarin hukuma. In ya goge, gobe wani ya zo ya sake shafawa, shi kuma a sallame shi daga aiki. Ka ga ka tashi ba kaji, ga 'ya, ga jikoki, ga suruki mai ladabi zaune a tsakar gidanka.

Yanzu koma kan wasiƙarka. Kai ka rubuta cewa da can layin su 'yarka ba ya cin ruwa. Zauna ka tuna wace shekara ya fara, ka tuna wace shekara ka cike gefen kududdufin. Ban ce kai kaɗai ne ba, tabbas akwai masu zubar da shara da masu toshe kwata. Amma ruwan da ka kora daga bayan gidanka bai bar gari ba, Baba. Gangarawa ya yi ya nemi masauki, ga alama a ƙarƙashin gadon jikokinka ya samu.

Irin wannan tsari yakan zo da lokacin shigar da ƙorafi, kada ka ƙarar da shi wajen fushi. Haɗa kai da sauran waɗanda aka shafa wa fenti, ku je da takardun filayenku, ga mai su. Ku nemi a nuna muku ainihin iyakar, a ba ku wa'adi mai ma'ana da wurin da za ku koma. Ka kira surukinka, ka wanke shi tas, ya cancanta. In ka gama, tambaye shi wace ƙofa ake ƙwanƙwasawa, don ya fi ka sani. 'Yarka kuwa ka bar ta a ɗakinta. Ba ita ta juye ɓaraguzai ba, ba ita ta riƙe taswira ba.

Allah ya sanyaya zuciyarka, ya yi wa kajin albarka duk inda suka koma. Ya kuma sa damina mai zuwa jikokinka su zo maka ziyara, su bar katifarsu a gida a bushe.