Rijiyar Inna a Bakin Taswira

Yayana na kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya sawwaƙe maka ciwon bayan nan, ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau. Inna tana nan da ƙarfinta, har yau ita ke share tsakar gida, wanda ya karɓe mata tsintsiya kuwa ya shiga uku. Ƙafar Baffa ta yi sauƙi, ya koma shago.

Yaya, maganar rijiyar da ka haƙa wa Inna kafin ka tafi ce ta zaunar da ni rubutu. Ka tuna tankin masana'antar rini da ya tsage, ruwan guba ya shige ƙasa? Ofishinmu aka ba aikin lissafa inda gubar za ta kai, aka ɗora mini. A kwamfuta ake yi. Ana yanka taswirar unguwa gida-gida kamar dara, kowane gida yana miƙa wa na kusa da shi kaɗan daga gubar da ke cikinsa, a ga yadda za ta bazu cikin shekaru. Wahalar tana bakin taswira, inda gidan ƙarshe ba shi da maƙwabci, dole kai ka gaya wa kwamfuta abin da ke can. Ni kuwa, sarkin gaggawa kamar yadda kake ce mini, na rubuta mata cewa a bakin nan babu guba ko ɗigo, har abada. Ashe gidan Inna daidai kan wannan layin ya faɗo.

Sakamako ya fito, gidanmu fari tas. Na tafi da murnata na ce wa Inna ta sha ruwanta hankali kwance, 'yarta mai digiri ta duba. Har maƙwabta ta bi tana yi musu albishir.

Makon jiya abokiyar aikina ta leƙo allon kwamfutata, ta tambaye ni me ya sa gubar ke tafiya, da ta iso layinmu sai ta ɓace kamar an goge da tsumma. Nan take na gano kuskurena. Ba kwamfuta ce ta wanke rijiyar ba, ni na faɗa mata, ita kuma ta maimaita mini. Na faɗaɗa taswirar, na kai bakinta can nesa da gidajen mutane, na sake lissafi. Gubar za ta iso gidan Inna cikin wata goma sha biyu daga tsagewar tankin, tara sun riga sun wuce. Na faɗa wa shugabanmu da bakina. Ya yi faɗa sosai, amma ya janye rahoton, an ɗebi ruwan an kai gwaji.

Gaya wa Inna ne ya fi mini ciwo. Ta ce ita ba ruwan ne damuwarta ba, ga famfo nan a bakin titi. Rijiyar ce abin da ka bar mata, duk gugan da ta ja sai ta tuna da kai. Ta ce jiya na ce ta sha, yau na ce kada ta sha, to ba za ta rufe ba sai wanda ya haƙa ya ce a rufe.

Ka gaishe mini da Anti, da ɗanka Babban Mutum, da 'yan biyu masu ƙiriniya. Baffa da Goggo suna gaishe ku. Don Allah Yaya, kada ka tsaya rubuta amsa, ka kira Inna ranar da takardar nan ta iso. Da safen nan na leƙa gidan, na tarar da gugan a jiƙe.

Ƙanwarka mai kewarka,
Autar Inna