Wanda Za a Sanar

Zuwa ga ƙanena Isufu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya jikin Hajiya? Shekara bakwai ina sa a rubuto maka daga Lyon ta Faransa, ko layi ɗaya ba ka maido ba.

Makon jiya na bi wasu Nasara da na haɗu da su a jirgin ƙasa, muka hau duwatsun ƙanƙara a ƙafa. Jagoranmu ya ce kowa ya ba da sunan wanda za a sanar in ya faɗa rami. Marcel, ɗaya daga cikin Nasaran, wanda ranar muka san juna, shi ya rubuta mini adireshin gidansa a gurbin nawa.

Ka gaida Hajiya, a sa ni a addu'a. Amma ka amsa mini, Isufu: in na mutu nan, kai za a gaya wa, ko Marcel?

Wanka, Mamman