Yayana ya ce in goge gargaɗin ko a fasa yi mini takwara

Admin: wata 'yar'uwa ce ta turo daga Maiduguri, ta ce a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum jama'a, wushe. Don Allah ku ba ni shawara, amma ina roƙon arziki, wanda zai ce mini "ki yi haƙuri kawai" ya adana datarsa, haƙuri kam tun ranar Lahadi ake ɗura mini shi kamar maganin zazzaɓi. Ku kira ni Falmata, ba sunana ba ne, a layinmu na Abbaganaram in ka kira Falmata rabin matan layin za su waiwayo, kun ga na ɓuya ke nan.

Ni malama ce a wata cibiyar koyon kwamfuta, bayan haka kuma ina aikin sa kai a wata manhaja ta kowa da kowa, wadda kod ɗinta, wato rubutun da aka gina ta da shi, a buɗe yake, mutane daga ƙasashe daban-daban muke haɗuwa a intanet muna gina ta. Manhajar kwantena ce, wato tana ƙunshe shirin kwamfuta da duk abin da yake buƙata wuri guda kamar kular abinci, duk inda ka kai ka buɗe zai yi aiki. Nawa ɓangaren shi ne instola, abin da mutum zai danna ya girka manhajar a laftof ɗinsa. Ni nake haɗa shi, ni nake gwada shi, in ya lalace ni ake nema. Ba a biya na ko sisi, kuma ina son aikin fiye da wanda ake biya na.

Yayana, zan kira shi Yaya Bukar, yana da shagon sayar da laftof 'yan Beljiyam a Bulabulin. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya ba ni kwamfutata ta farko, lokacin da dangi ke cewa me mace za ta yi da ita shi ya tsaya mini. Ko gwajin instolan ma a shagonsa nake yi, duk sabon fitowa sai in je ya jera mini laftof iri-iri a kan tebur in gwada ɗaya bayan ɗaya, yana tsokanata wai ga injiniyar da ba ta da albashi. Ni kuma duk ɗalibin da ya tambaye ni inda zai sayi kwamfuta, wurinsa nake turawa.

To akwai wata ɗalibata Rifkatu, daga Khaddamari take zuwa kullum a keke napep, yarinya mai kai sosai. Ta sayi laftof a wurin Yaya, instola ya ƙi mata. Sai ya yi nisa ya kusa gamawa ya tsaya, ya fito da wasu lambobi da ko ni sai na yi bincike. Sati uku tana fama, 'yan aji sun wuce ta, tun tana cewa netwok ne har ta koma cewa ita ce ba ta da ƙwaƙwalwar abin. Ranar da ta ce mini "Malama, ina ga wannan karatun ba na irinmu ba ne," wallahi abinci bai shiga bakina ba. Na karɓi laftof ɗin na zauna da shi, sai na gano akwai wani makunni can cikin Bayos, wato saitin da kwamfuta ke farawa da shi kafin komai ya buɗe, dole a kunna shi kafin kwantena ta yi aiki. A nata a kashe yake, kuma Bayos ɗin a kulle da kalmar sirri ta kamfanin Turawan da suka yi amfani da ita kafin a kawo ta nan. Ba mai buɗewa. Rubutu da kallon fim lafiya lau za ta yi, aikinmu ne dai har abada ba za ta yi ba.

Sai na yi abin da ya kamata a ce an yi tuntuni. Na ƙara bincike a farkon instolan, kafin ya ci wa mutum data ya fara duba makunnin, in a kashe yake ya faɗa masa da Turanci da Hausa, Hausar ma ni na rubuta: "Wannan kwamfutar an kashe mata abin da kwantena ke buƙata. Shiga Bayos ka kunna. In ta nemi kalmar sirrin da ba ka sani ba, koma wurin wanda ya sayar maka." Abokan aikina suka duba na Turancin suka yaba, aka saki sabon instola wata guda da ya wuce. In ɓera da sata daddawa ma da wari, ga nawa laifin ban ɓoye ba: ban faɗa wa Yaya kafin a saka ba. Na ɗauka tsautsayi ne ya faɗa kan Rifkatu ita kaɗai, ban san irin laftof ɗinta kwali guda ne a shagon ba.

Cikin sati biyu ɗalibai suka fara yi wa Yaya sallama da laftof a hammata, nawa da na wasu cibiyoyin, kowa ya buɗe ya nuna masa saƙon, har da masu ɗaukar hoto suna turawa guruf-guruf. Kuma duk garin nan an san wace ce ke rubuta Hausa a cikin wannan instolan. Da na je shagon ko kujera bai ba ni ba. Ya ce na ci amanarsa, a kan teburinsa da wutar janaretonsa na ƙera wuƙar da na yanka shi. Na ce ai ban san kana da su da yawa ba, sai ya ce shi ya sani, mai kawo masa kaya daga Legas ya faɗa masa, kuma shi mai kawo kayan ba ya karɓar kayan da aka mayar. Ya ce mutum nawa ne a Maiduguri ke taɓa Bayos in ba ni da ɗalibaina masu neman magana ba. Ashe duk zuwan da nake yi gwaji, masu lafiyar yake zaɓo mini. Na tambaye shi ya san abin da Rifkatu za ta yi da ita lokacin da ya sayar mata? Ya ce shi ɗan kasuwa ne ba malamin makaranta ba.

Buƙatarsa ita ce a sabon instolan da za mu saki ranar Juma'a in mayar da saƙon ya ce matsalar netwok ce, a sake gwadawa. Na ce Allah ya kiyaye. Sai ya sauko ya ce to in cire layin ƙarshen kawai, na komawa wurin mai sayarwa. Na ce wannan layin shi ne kaɗai ke gaya wa mutum ba shi ne daƙiƙi ba. Na ba shi mafita, na ce zan zo duk Asabar in duba masa kowace kwamfuta kyauta, mu manna wa masu kullen takarda, ya sayar wa masu shagon buga takardu da masu kallon fim a farashinsu, ya musanya wa ɗaliban. Ya ce ba zan koya masa kasuwa ba, yana wannan sana'ar ina tsallen igiya.

Ana cikin haka matarsa ta haihu ranar Asabar da ta wuce, mace. Tun cikin yana ƙarami ya yi alkawari a gaban kowa in mace ce sunana za a saka, har na kai wa tela farin tawul ya ɗinka sunan a jiki da zare mai ruwan gwal. Ranar Lahadi Mama ta kira ni ɗakinta ta ce Yaya ya rantse in har saƙon nan ya sake fitowa ranar Juma'a, ranar Asabar wani sunan liman zai raɗa. Ta ce, "Ke Falmata, layi ɗaya ne fa, layi ɗaya! Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Turawan naki su za su ɗauki gawarki?" Na ce Mama ba don Turawa na rubuta ba, don 'yar Khaddamari na rubuta. Ta ce ita ba ta haifi 'yar Khaddamari ba.

Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba sai ku, zan iya cire layin daga na Hausar. Abokan aikina ba sa jin Hausa, sun yarda da ni, in na canza ba mai ganewa. Shi ya sa ma ba zan canza ba. Ba zan mayar da abin da na gina da hannuna ya riƙa yi wa yara ƙarya da yarensu ba, ko da kuwa dangi gaba ɗaya za su daina amsa sallamata. Ina son Yayana, kuma raina ya ɓaci da shi, kuma na yi kuka a kan sunan nan fiye da yadda zan iya faɗa, duka ukun gaskiya ne. Rifkatu tana amfani da tsohuwar laftof ɗina yanzu, wadda Yaya ya saya mini, kuma ta kamo 'yan aji.

Saboda haka ba tambayarku nake in goge ko kar in goge ba, wannan na gama, ranar Juma'a instola zai fita da layinsa. Abin da ya hana ni sukuni Asabar ce. In je gidan sunan in zauna cikin mata in ji an kira wani suna, kowa yana satar kallona? Ko in ƙi zuwa a ce girman kai ya sa na yanke zumunci? Masu yayye maza a cikinku, ku faɗa mini yadda ake ba babba haƙuri a kan rashin sanar da shi ba tare da ya ɗauka na janye ba. Sannan tawul ɗin nan yana cikin leda a kan gadona, tela ya kawo jiya, sunan ya fito raɗau. In tafi da shi ko in bar shi a gida?