Kukan Keken Madugu Yari

Illela, farkon watan Safar.

Zuwa ga yayana Hamidu, a ma'aikatar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda.

Bayan gaisuwa mai yawa da so da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da Baraka da yara. Yaya aiki, yaya zaman baƙunta? Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka sau uku, an yi shuka, maƙera ba ta huta ba da gyaran fartanya da galma. Inna tana gaishe ka. Baba yana nan yadda ka bar shi, idon bai dawo ba. Yana zaure yana tufka igiya, kuma har yau ya ƙi taka maƙera. Ya ce maƙerin da ba ya ganin jan wuta sai dai ya tare wa mutane hanya.

Yaya, na ɗauko wa kaina magana, shi ya sa na ba Lawwali mai jakai takardar nan. Madugu Yari ya dawo daga Kano da keke. Ba irin baƙaƙen nan masu nauyi na masinjoji ba ne. Wannan siriri ne, ƙahonsa ya lanƙwasa ƙasa kamar na rago, an ce wani Bature ne ya sayar da zai koma ƙasarsu. Mako biyu Madugu yana yawo a kansa, gari yana kallo. Sai keken ya fara kuka. Ƙiiƙ, ƙiiƙ, tun daga bakin kasuwa za ka san Madugu ne tafe. Mahauta har sun fara cewa jakin Madugu na jin yunwa, kuma ka san halinsa, ya fi son a mare shi da a yi masa dariya.

Barorinsa sun yi abin da suka sani. Su a wurinsu abin hawa in ya yi ƙara sirdi ne ya bushe, sai suka shafe sirdin da man shanu har yana ɗiga. Madugu ya ɓata wando uku, kukan yana nan.

Ranar Lahadi a kasuwa, a gaban dillalan shanu, ya ce zai tura keken Ƙonni, wai akwai maƙeri can da Faransa suka koya wa aiki. Bai tsaya nan ba. Ya ce tunda maƙerar Illela ta makance, linzamai da ƙararrawar raƙuma da makullan gidansa ma can za su koma. Aikin da gidansu ke ba gidanmu tun zamanin kakanmu ke nan, kuma in Madugu ya juya, sauran fatake binsa za su yi. Raina ya ɓaci, Yaya. Na miƙe na ce da sunan Baba, kafin Mauludi keken nan zai yi shiru a maƙerarmu. Sai da na zauna na tuna ban taɓa ko riƙe ƙahon keke ba.

Ban gaya wa Baba ba. Kai ma kada ka saka a amsarka, don Inna takan sa a karanta mata a tsakar gida. Kai da ka ce mana zamanin masaba ya wuce, to ga ƙarfen zamaninku a rataye a maƙera. In ka san wani abu a kansa ka taimaki ƙanenka.

Ka gaida Baraka, ka shafa mini kan yara. Ƙanwarmu Kubra tana gaishe ku.

Ni ne ƙanenka,
Maharazu.


Illela, tsakiyar watan Safar.

Zuwa ga yayana Hamidu.

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata Lawwali ya same ku lafiya, kuma zazzaɓin damina bai leƙo gidanka ba. Ban jira amsarka ba, don yau ina da labarin da ba zai zauna a cikina ba. Na gano inda kukan yake.

Da farko na gwada hawa da kaina. Ba zan faɗa maka yadda ta ƙare ba, amma dangar gidan Abu tana bukatar gyara. Sai na roƙi Madugu ya hau, ni kuma na bi shi da gudu daga maƙera har bakin tabki, kunnena a ƙasa, mutane suna cewa Maharazu ya taɓu. Na lura in ya saki ƙafa keken yana gangara, shiru kake ji. Sai ya taka feda kukan ke zuwa, sau ɗaya a kowane zagaye, daidai lokacin da ƙafar dama ta danna. Na ce ya tashi tsaye ya bar sirdin. Ya tashi, kukan ma ya ƙaru. Nan na wanke sirdi daga zargi.

Na rataye keken a azara. Na ɗaure kowane noti, na ɗiga wa sarƙa mai, na matsa wayoyin ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Sannan na tuna yadda Baba yake neman tsaga a bakin bindiga. Na ciji tsinken ƙarfe da haƙora, na ɗora ɗaya bakin a jikin keken ina juya feda da hannu. A ƙaho ban ji komai ba, a ƙarƙashin sirdi sama-sama. Da na sauko can ƙasa, inda bututun ƙarfen suka haɗu, wurin da sandar feda ta ratsa, sai na ji gurzar har cikin kwanyata. Na kama ƙafar feda na girgiza ta gefe da gefe, tana motsi kamar haƙorin tsoho. Ni cibiyar keke na sa wa wurin, ban san me kuke kiransa ba.

Na fitar da ƙusoshin da suka riƙe ƙafafun feda, na kwance zobe da wani ƙoƙon ƙarfe na gefen hagu. Yaya, wari ya kusa kore ni daga maƙera. Ashe da shafa sirdi bai yi ba, barorin sun cire shi sun narka man shanu sun ɗura ta bututun, kamar masu ba doki magani. Man ya taru a cibiyar, ya yi tsami, ya kwashi rairayi, har da tururuwa. A ciki akwai 'yan ƙwallayen ƙarfe kamar ƙwayar gujiya ƙanana, uku sun fashe, sauran sun zaizaye. Sandar kuma ta yi rami-rami inda suke birgima.

Na yi kwana biyu ina gwada ƙera irinsu. Na yarda, wannan ya fi ƙarfin masaba da magagari. Ga sandar nan da ƙoƙon hagu da ƙwallaye biyu na ƙulle a tsumma. Don Allah ka nemo mini sababbi irinsu a wurin masu keke na tasha, da ƙoƙon dama, da irin man da ya dace.

Abin da ke damuna yanzu ƙoƙon daman nan ne. Ya ƙi fita. Na ƙera masa awartaki na musamman wanda ya kama shi cif, na ja har kafaɗata ta yi tsami, ko gezau. Madugu kuma kullum sai ya aiko a tambaya. Baba yana jin bugun da ba irin na fartanya ba, ya tambayi Kubra sau biyu, ta ce ba ta sani ba. Kunyarsa nake ji, Yaya, fiye da tsoron Madugu.

Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi. A gaida mutanen gida.

Ƙanenka,
Maharazu.


Illela, kwana uku bayan Mauludi.

Zuwa ga yayana Hamidu.

Bayan gaisuwa da godiya wadda takarda ba za ta ɗauka ba, ina fata kun yi Mauludi lafiya. Yaya Baraka, yaya yara? Saƙonka ya iso saura kwana biyar Mauludi, komai cif: sanda, ƙoƙo biyu, ƙwallayen da ka ce sunansu boris, da gwangwanin giris. Allah ya saka maka. Zauna da kyau ka ji sauran.

Kafin saƙon ya zo haƙurin Madugu ya ƙare. Ya ɗauko maƙerin Ƙonni, ya kawo shi har cikin maƙerarmu, da jakar kayan aikinsa mai sheƙi. Ba zan ci mutuncinsa ba, mutum ne mai hannu. Ya ce ya kwance irin wannan ƙoƙon a kekunan Faransa sun fi goma. Ya sa ƙarfensa, ya ƙara masa bututu, ya ja, ya buga, gumi ya jiƙa masa riga. Ƙoƙon nan ko motsi. Ya ce tsatsa ce ta cinye, sai dai a sa wuta a yanke. Na tsaya a gaban keken na ce wa'adina bai cika ba, ba mai sa masa wuta. Madugu ya fita yana cewa ranar Mauludi zai aiko a ɗauki kekensa da sauran kayan gidansa.

Washegari saƙonka ya zo, amma me zan yi da sabon ƙoƙo tsohon yana ciki? Bayan azahar na je zaure na durƙusa na gaya wa Baba duka, har da rantsuwar da na yi da sunansa, har da kalmar da Madugu ya faɗa a kasuwa. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce in ba shi abin ya taɓa.

Na zuba masa kayan a cinya. Ya ɗauki ƙoƙon hagu ya bi zaren da aka yanka a jikinsa da farce, a hankali, yana juyawa. Ya ajiye, ya ɗauki sabon na dama da ka aiko ya yi haka. Ya koma na hagu. Sai na ga gemunsa yana rawa, ashe dariya yake. Ya ce: "Kai Maharazu, mi kuka ta ja? Wanga baibai anka yanke shi. Kullum kuna ƙara ɗamre shi." Yaya, ni da idona biyu, da maƙerin Ƙonni da nasa biyu, mun yi ta kallon abin nan ba mu gani ba. Kai ma da kake kwana cikin ƙarfen Turawa ba ka rubuta mini ba, ina zaton ba ka sani ba ne.

Ya miƙo hannu ya ce in kai shi. Na riƙe shi muka ratsa tsakar gida, Inna ta tsaya da muciya a hannu tana kallonmu. A maƙera bai nemi a nuna masa komai ba, ya lalubi uwar maƙera ya zauna a wurinsa. Ya sa na jiƙa ƙoƙon da kananzir, muka jira har la'asar. Na kama shi da awartakina na murɗa ta ɓangaren da duk duniya ake ɗaurewa. Ya yi ƙara ɗaya, ƙat, ya saki. Bayan haka da yatsu biyu na ƙarasa fitar da shi.

Na aika wa maƙerin Ƙonni ya zo ya gani, don kada ya lalata keken wani. Ya gwada ƙoƙon da ya zo da shi daga can a gefen dama na cibiyar, ya shiga murɗi ɗaya ya cije. Nasu na Faransa duka biyun hanya ɗaya suke bi. Ashe Turawan nan biyu, namu da na Ƙonni, ko a zaren ƙarfe ba su shirya ba. Ya durƙusa ya gaida Baba kafin ya tafi.

Na wanke cibiyar da ruwan zafi da toka har warin man shanu ya fita, na busar. Na ɗaure sabon ƙoƙon dama baibai yadda yake so. Na cika shi da giris, na jera boris goma sha ɗaya, na zura sanda, na jera wasu goma sha ɗaya a na hagu. Ɗaurin hagu shi ne aikin: in ya matse sandar ta yi nauyi, in ya saki ta yi rawa. Ni ina murɗawa, Baba yana riƙe da bakin sandar da yatsunsa. Sau huɗu yana sa ni in koma baya, kafin ya ce in kulle zobe. Na goge ƙusoshin feda da magagari na mayar. Da na tura fedar da ɗan yatsa ta yi ta zagaye ita kaɗai.

Ranar Lahadi, jajibirin Mauludi, Madugu ya zo ya karɓa. Ya ce zai je gida ya sa babbar riga, sannan ya bi ta ƙofar maƙera zuwa kasuwa. Baba ya sa aka shimfiɗa masa buzu a bakin hanya. Ya hana kowa magana, ya ce shi ba ya son shaidar masu ido, kunnensa zai gaya masa in da sauran aiki. Ka san kunnen Baba, daga zaure yake gane zugazugi ya huje.

Madugu ya zo ya wuce ta gabanmu, rigarsa har tana kusa da taɓa gwiwar Baba. Ya kai kasuwa ya zaga mahauta, ya dawo ya sake wucewa, yana taka feda da ƙarfi. Baba yana zaune, kansa a karkace, yana saurare. Can ya gaji ya juyo wajena ya ce wai me ya tsayar da Yari har yanzu, ko keken ya lalace a hanya ne?

Na ce masa ai ya wuce sau biyu. Bai yarda ba sai da Madugu ya sauko ya kama hannunsa ya ɗora a kan ƙahon, ya kuma nemi gafarar abin da ya faɗa, a gaban duk wanda ke wurin. Baba ya yi dariya har hawaye suka zubo masa. Ni kam na shige maƙera na tsaya bayan zugazugi, don ban so a ga fuskata ba. Ban taɓa jin daɗin zama ɗansa kamar ranar ba.

Da safen nan barorin Madugu sun kawo linzamai shida da makullin rumbu. Baba yana gaishe ka, ya sa maka albarka. Ya ce lallai in rubuta maka da bakinsa cewa keke ya wuce ta gabansa sau biyu bai ji ba.

Inna da Kubra suna gaishe ku da kyau. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙanenka mai ƙaunarka,
Maharazu ɗan Sarkin Maƙera.