Ilu Ya Faɗi, Ya Ce Bai Faɗi Ba

Anti Maijidda, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sa wasiƙar nan a gaba, don abin ba zai jira ba. Sunayen da na sa ba na gaskiya ba ne, amma labarin haka yake.

Wata safiyar Lahadi, bayan mun idar da asuba, na ga abokina Ilu ya faɗi a tsakiyar filin ƙwallo ba tare da wani ya taɓa shi ba. Yana tsaye da ƙwallo a hannu, sai ya ce min yana jin warin ƙonanniyar roba. Ni ban ji komai ba. Kafin in ba shi amsa idonsa ya kafe a wuri ɗaya, jikinsa ya sandare, ya tafi ƙasa gaba ɗaya. Ya yi ta jijjiga, dugadugansa na kartar ciyawa, kumfa da jini na fita ta gefen bakinsa don ya taune harshe. Na tsaya a kansa na kasa taɓa shi, saboda tun muna yara ake ce mana yawun mai wannan ciwo yana harbin mutum. Da ya lafa, ya kwanta yana munshari kamar mai barci. Da ya farka ya dube ni ya tambaye ni me ya jiƙa masa wando.

Bari in koma baya ki gane. Ni ɗan Kano ne, ina nan Guangzhou ina yi wa Alhaji Shitu aiki a sitonsa na takalma kusa da Zhanxi Lu. Ɗaurin kwali, lodin kwantena, raka baƙi kasuwa. Ban yi nisa a boko ba, amma kunnena ya ɗauki Turancin kasuwa da ɗan Sinancin da ke fid da mutum, shi ya sa ake turo ni gaba in an zo ciniki da laoban, wato mai kaya ɗan China. Ilu ɗan ƙanwar Alhaji ne, ɗakinmu ɗaya a Panyu. Gidan mahauta ya fito, kuma ɗan dambe ne tun tasowarsa. Dogo ne wanda sai ya sunkuya yake shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari.

Akwai wani Bature ɗan Ostareliya, Mista Giram, da yake zuwa ana yi masa takalman wasa a wata masana'anta. Tsohon ɗan ƙwallon ƙasarsu ne. Wasan ba irin namu ba ne. Ƙwallon kamar gwanda take, filin kamar ƙwai, turaku huɗu a kowane ƙarshe. Ana bugawa da ƙafa, ana cafewa da hannu, in za ka miƙa wa ɗan'uwanka sai ka naushe ta da dunƙule. Mutum yakan taka bayan wani ya hau kafaɗarsa ya cafe a sama, su zube tare. Ba hula, ba komai a kai. Ranar da Baturen ya ga Ilu ya miƙa hannu ya sauko da kwali daga inda muke sa tsani, ranar ya gayyace mu filin da 'yan ƙasarsu ke wasa duk Lahadi a Tianhe. Ilu ya naushi ƙwallon sau ɗaya, duk Turawan suka tsaya suna kallonsa.

Daga baya muka gane ba wasa kawai ya kai mu ba. Yana duba wa tsohuwar ƙungiyarsa 'yan wasa ne. Yadda ya yi min bayani, a can duk ƙarshen shekara ƙungiyoyi suna zaɓen sabbin yara bi da bi, kamar rabon watanda, sai dai wadda ta zo ta kashin baya ita ke fara ɗauka. Kafin zaɓen kuma akwai makon musaya, inda ƙungiya za ta iya ba da layinta na zaɓe ta karɓi ɗan wasan wata. Ni dai abin ya yi min kama da kasuwar raguna, amma su ba su ɗauke shi komai ba. Ƙungiyarsa tana neman dogo mai tsalle. Hanya biyu ce a gabansu: ko su ba da layinsu mai kyau su karɓi wani gogagge wanda gwiwarsa ta fara gajiya, ko su riƙe layin su ɗauki baƙo daga waje su raine shi. Gurbin baƙo ɗaya ne.

Mutum biyu ya sa wa ido. Ilu, da wani Mas'udu ɗan Maraɗi, ɗan kokawa, wanda ke lodi a wani siton. Ni ne mai riƙe agogo, ni ne tafinta, kuma Baturen yakan tambaye ni abin da na gani don ya lura ba na gaggawar magana. Gaskiya Mas'udu ba ya gajiya, in ya rungumi mutum sai ƙasa, amma bugunsa a karkace yake fita, kuma tsayinsa bai kai abin da suke so ba. Ilu numfashinsa gajere ne, amma in ƙwallo ta tashi sama tasa ce. Kowa ya san wanda za a ɗauka. Baturen ya ce in ya aika cewa Ilu ya yi, ƙungiyar za ta fasa musayar. Ya ce kafin ya aika zai zauna da ni, tunda ni nake kwana ɗaki ɗaya da Ilu, in gaya masa ko akwai wani abu game da lafiyarsa da ya kamata su sani. Makon musayar ya kusa.

Anti, tun ranar da ya faɗi nake lura, kuma abin da nake gani ba ya bari in yi barci. Yakan tsaya cak yana tsakiyar ɗaure kwali, tef a hannu, bakinsa na motsi kamar mai tauna, in kira shi bai ji ba, can ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Na ga jini a matashinsa. Duk ranar da ya ci karo da wani a fili, washegari sai ya kama kai ya ce rana ce. Har yanzu shi ke hawa can saman kaya in ana lodi. In muna jiran metro yanzu bayansa nake tsayawa, na riƙe gefen rigarsa bai sani ba.

Na yi masa magana. Kin san a dambe in gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa an kashe ka kenan, kuma Ilu abin da yake taƙama da shi duk duniya shi ne ba a taɓa kashe shi ba. Ya ce shi bai faɗi ba, bai tuna ya faɗi ba, kuma duk wanda ya ce ya ga bayansa a ƙasa ba masoyinsa ba ne. Da na matsa, sai ya ce a dambensa na ƙarshe a gida an same shi a bayan kunne, bai faɗi ba amma ya kwana biyu bai san inda yake ba, kuma wannan aikin asiri ne na abokan gaba. Yana da rubutun da ake aiko masa da layar da yake ɗaurawa a damtse. Ya ce in yi masa alkawarin ba zan gaya wa kawunsa ba. Na yi shiru, shi kuma ya ɗauka na amsa.

Ga kuma maganar biza. Tun da aka fara shirin Olamfik aka tsananta, an gama wasannin amma ba a sassauta ba. Duk inda mutanenmu suka je sabuntawa, meyo ake ce musu, wato babu. Da yawa sun koma gida, wasu sun daina fita da rana. Ta Ilu ta kusa ƙarewa. Takardar gayyatar da Baturen nan zai ba shi in an ɗauke shi ita ce kaɗai ƙofar da yake hange. Mahaifiyarsa ta riga ta san maganar tafiyar, har ta fara rabon goron addu'a a unguwa.

In na faɗa, na rufe masa ƙofa da hannuna, kuma a cikin mutanenmu na nan zan zama wanda ya kai asirin ɗan'uwansa gaban Bature. In na ce lafiyarsa ƙalau, za a kai shi inda ƙarti za su riƙa faɗowa a kansa kullum, kuma ba ni can balle in riƙe masa riga. Nakan yi tunanin wayar da za a bugo wata rana.

Da ni kaɗai na gani, da wataƙila na ci gaba da shiru ina addu'a. Amma ba ni kaɗai ba ne. Akwai wata tsohuwa 'yar China da ke motsa jiki a gefen filin, ita ce ma ta zo ta juya shi ta gefe da hannunta lokacin da ni na kasa. Sannan da na ɗaga kai, a bakin ƙofar filin, da jakarsa a kafaɗa, Mas'udu yana tsaye. Har yau bai ce min uffan ba.

Mai riƙe agogo, Guangzhou

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma na fahimci nauyin da ke kanka. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa. Ni ba likita ba ce, amma abin da ka zayyana, warin da babu shi, sandarewa, taune harshe, mantuwa bayan an farka, ya yi kama da farfaɗiya, kuma takan biyo bayan bugu a kai. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, yana da magani, mutane da yawa suna sha suna harkokinsu. Ba a ɗaukarsa ta yawu. Abin da tsohuwar nan ta yi shi ne daidai. In ya sake faruwa, ka kawar da abin da zai ji masa rauni, ka sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, ka juya shi ta gefe, kada ka cusa masa cokali ko yatsa a baki. In jijjigar ta ƙi tsayawa, ko ta dawo kafin ya farfaɗo, asibiti nan take. Addu'a da rubutu ba su hana ganin likita.

Ban raina abin da Ilu zai rasa ba. Irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu, kuma saurayin da ya gina sunansa a kan ba a taɓa kai shi ƙasa ba, da wuya ya yarda jikinsa ne ya kai shi. Tsoron da kake yi na bakin mutane shi ma gaskiya ne, za a yi magana. Amma ka auna. Rufin asiri an yi shi ne don kare mutum. Wanda za ka yi a nan zai kai shi filin da bugu ɗaya zai iya gamawa da shi. Kuma ka tuna Baturen ya yarda da kai. Kalmarka za ta sa su fasa ɗaukar wani. In ka ce masa lafiya lau alhali ka sani, ƙarya ce, ko da da kyakkyawar niyya ka yi ta. Ƙungiya irin wannan ma ba ta sa hannu sai likitocinta sun bincika. In a can abin ya fito, Ilu zai dawo ba ƙwallo, ba aikin sito, ga sunan mayaudari.

Ga abin da nake ba ka shawara. Ka koma wurin Ilu a makon nan, ku biyu kawai. Kada ka yi gardama da shi a kan ko ya faɗi. Ka ce masa ba ka yi alkawarin shiru ba, kuma ba za ka yi ba. Ka ba shi zaɓi ya gaya wa kawunsa da bakinsa kana zaune a gefe, ko kai ka faɗa. Alhaji shi ne uba a gare shi a can, haƙƙinsa ne ya sani, shi ne kuma zai iya kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa ya hana shi hawa saman kaya daga yau. Har sai likita ya gan shi, ka ajiye agogon nan, kada ka ƙara auna masa gudu ko tsalle.

In Baturen ya kira ka kafin a yi wannan, ba sai ka zayyana komai ba. Ka ce ba za ka iya tsaya wa lafiyarsa ba sai an duba kansa, sauran ya tambayi Ilu. Wannan ya isa.

Shi kuwa Mas'udu, kada ka yanke masa hukunci. Da yana son cin gajiyar abin da ya gani, da tuni ya kai labari. Mai yiwuwa abin da ya ɗaure bakinka ne ya ɗaure nasa, har ma ya fi naka, tunda in ya faɗa za a ce hassada ce. Ka je ka gaishe shi ka buɗe maganar. Amma kada ka jira shi ya ɗauke maka wannan kaya. Daga bakinsa tonon asiri ne, daga naka kulawa ce.

Ka shirya, Ilu zai yi fushi. Zai iya daina yi maka magana, zai iya barin ɗakin, kuma ba zan yi maka alkawarin zai gode maka ba. Ka ƙyale shi ya yi fushin, muddin yana raye yana yi.

Allah ya ba shi lafiya, ya buɗe masa wata ƙofar, kai kuma ya ƙarfafa maka zuciya.

Anti Maijidda