Gafakar Linjila

Zuwa ga Yaya Shekara, a Matameye.

Gaisuwa mai yawa. Ina Inna da yara? Yaya ƙafar Baba? Na ji ya hana a ambace ni tun da na zama Kirista, amma ni ba zan bar tambaya ba.

Ina Lakwaja lafiya, kada ki damu. Mutanenmu na nan sun daina kirana cin tuwo, amma ban kwana da yunwa ba.

Baturen mishan ya ba ni Linjila a naɗe cikin tsumma, raina bai so ba. Na ɗinka mata gafakar jar fata irin wadda Baba ke yi wa Alƙur'ani, da irin zanen adon Baba a gefe, gicciye a tsakiya. Ban iya wa'azi ba, Yaya, da basilla nake yabon Almasihu.

In fatake za su taso, ki aiko mini da karan dafi na jan rini, na nan ba ya kama fata.

Ki gaya wa Baba har yau ba na taɓa gafaka sai na wanke hannu, yadda ya koya mini. Ko ya kau da kai, ki ƙarasa maganar.

Allah ya sada mu.

Ƙanenki,
Illo