An Riga Ni Gyaran Modem

Laraba da daddare, Dayi

Yau na shiga Malumfashi neman wuta da sabis mai ƙarfi. Ina buɗe imel na tarar an riga ni.

Tun farkon damina nake fama da ɗan aikin nan da zai sa kanel, zuciyar manhajar kwamfuta, ta gane modem mai arahar da muke shiga intanet da shi a nan. Da na tura wa masu kula da sashen sadarwa na kanel ɗin, a layi ɗaya suka sallame ni: sun rufe karɓar sabon aiki, in sake turowa idan an buɗe. Sai buɗewar ta zo daidai da karyar masara, ina gona tun safe har magariba. Su ina ruwansu da kakarmu? Wani ya tura irinsa, aka karɓa da sunansa.

Baba ya dubi fuskata ya ce, "Sani, aikin ne ya lalace?"

Na ce, "A'a Baba, wani ne ya riga ni."

Ya ce, "To ai an yi ke nan. Gobe akwai kwasar masara."

Na sauke na mutumin na gwada, ina fatan in kama kuskure ko ɗaya. Babu. Ya ma fi nawa kyau, kuma da shi modem ɗina ke aiki yanzu.